Karen da Ke Tsoron Hannu: Yadda Ake Dawo da Shi Cikin Mutane

A Mahuta ba a zuwa wani ofis a cike takarda kafin a ɗauki kare. Ko dai karen ya kawo kansa, ko a tsince shi. Wani ɗan haya ne ya tashi ya bar shi ɗaure a bayan ɗaki. Wani ya kuɓuce wa masu fataucin karnuka da guntuwar igiya a wuya. Wani kuma a kango aka haife shi, cikin gine-ginen da ba a ƙarasa ba, ya girma bai san komai daga hannun mutum ba sai dutse. Irin wannan kare ba ya ɓuya: jela a matse tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, haƙarƙari a waje, kuma da an sunkuya za a ɗauki wani abu a ƙasa ya zura da gudu.

Mahuta tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, daura da matatar man Kaduna, yankin da ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun masu satar mutane. Ba a manta da daren 5 ga Yuli 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia. Don haka ba abin mamaki ba ne gida ya nemi karen da zai tashe shi cikin dare. Inda matsala take shi ne yadda wasu ke neman “zafin” kare: a kulle shi a keji mai duhu wuni guda, a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa, a zuba masa yaji a abinci, a doke shi don ya yi zuciya. Abin da ke fitowa daga wannan horo ba jarumi ba ne, firgitacce ne. Firgitaccen kare kuwa ba ya bambanta ɓarawo da yaron maƙwabta, kuma ranar da ya ciji wani, shi ake kora ko a sayar. Ta wannan hanya da yawa daga cikin karnukan da ke yawo a layi suka fito.

Ana iya gyara irinsu. Ba duka ba, kuma ba cikin mako guda ba, amma ana iyawa, kuma aikin bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba. Musulmi ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, ya kuma san shari'a ta yarda a riƙe kare don gadi da farauta da tsaron dabbobi. Kirista ya san littafin Karin Magana ya yabi mai adalcin da ke kula da ran dabbarsa. Tausayin yana nan a unguwa. Sanin yadda ake yi ne ya yi ƙaranci.

Kafin hannu ya kai jikinsa

Maganar farko ba ta horo ba ce, ta rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Mutane sun san mahaukacin kare mai zabura yana cizon duk abin da ya tarar. Wanda ba a cika sani ba shi ne nau'in da ke sa kare ya yi shiru, ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, miyau na zuba. Mai tausayi zai ɗauka tsoro ne, ko ƙashi ne ya maƙale masa, ya kai hannu baki. Kada a yi haka ko kusa. Karen da muryarsa ta sauya, ko yake tangaɗi, ko ƙafafunsa na baya suka fara mutuwa, ba na ɗauka ba ne. A nisanta yara, a kira likitan dabbobi. Kuma ganin kare lafiya lau ba shaida ba ce, domin cutar tana iya yin makonni ko watanni a jiki kafin ta fito. Binciken likitocin dabbobi a Najeriya ya sha gano alamarta a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka don ci alhali ba su nuna komai ba. Wannan ya shafi Kaduna kai tsaye, tunda ana ratsa jihohin arewa da karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, daga can a wuce da su kudu.

Saboda haka baƙon kare yana fara zama ne a keɓe, nesa da yara da sauran dabbobin gida, aƙalla mako biyu, ana kuma ci gaba da lura da halinsa watanni bayan haka. A kira likita ya zo gida idan zai yiwu, don cusa firgitaccen kare a Keke Napep a ranar farko yana iya rushe abin da za a daɗe ana ginawa. Likita zai yi masa allurar haukan kare, wadda ake fara yi daga wata uku da haihuwa a kuma maimaita kowace shekara, irin wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa. Zai ba da maganin tsutsar ciki, ya duba kaska da ƙuma da ƙazuwa, ya ɗaga leɓe ya ga ko dasashi ya yi fari saboda ƙarancin jini. Idan ɗan kwikwiyo ne, akwai allurar cutar da likitoci ke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ke kashe ƙanana cikin 'yan kwanaki. A karɓi katin allura a adana. Wanda abin ya gagara a Kaduna, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa.

In tsautsayi ya sa an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, ko na Sabon Tasha, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko Barau Dikko a tsallaken kogi, a nemi allurar rigakafi. In babu a inda aka je, a tambayi inda take. Ƙona gashin karen a shafa a ciwo ba ya maganin komai. Karen kuma a tsare shi likita ya lura da shi kwana 10, amma kada jiran ya hana mutum fara allura.

Wani abu da ake yawan mantawa: ciwo yana kama da mugun hali. Karen da ƙudaje suka cinye wa bakin kunne, ko igiya ta yanka masa wuya, zai yi gurnani idan hannu ya nufi wurin. Sau da yawa warkewar ciwon ce ke rage rabin faɗan. Amma kada a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, kada a wanke shi da piya-piya don kaska, kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Karnuka da yawa sun mutu a hannun masu son su ta haka.

Kwanakin farko: a ƙyale shi

Abin da ya fi wuya ga mai tausayi shi ne ya riƙe hannunsa. Zuciya tana cewa a shafa shi, a yi masa wanka, a kira yara su gani. Karen kuwa abin da yake buƙata shi ne lungu mai inuwa wanda babu mai shiga, nesa da ƙofar gida da janareta, da tsohon buhu ko tsumma a ƙasa, da ruwa mai tsabta kullum. Akurkin katako mai buɗaɗɗiyar ƙofa ya isa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma kowa a gidan sai ya kiyaye shi: in ya shiga nan, ba a janyo shi, ba a leƙa shi, ba a zura masa sanda.

A zagaya katanga tun kafin ya iso. Firgitaccen kare yana bi ta ramin da ba wanda zai zata, ta magudanar ruwa, ta ƙarƙashin get, kuma kwanakin farko ne ya fi gudu. Wanda ya fita a guje ya faɗa titin Kachia tsakanin tankoki da manyan motoci da wuya ya dawo.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana. Karen da ya daɗe da yunwa, in aka cika masa kwano rana ɗaya, cikinsa zai ɓaci, wani lokaci ma abin ya kai ga halaka. Shinkafa ko tuwo da dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko ɗan nama, sun wadatar. A raba shi da miyar gida mai albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare, a kuma raba shi da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji. Mutum ɗaya ne zai riƙa kai abincin, a lokaci guda kullum. Ya ajiye, ya juya, ya tafi. Idan sai dare ya yi tsit karen yake ci, ba laifi, an fara.

Masu gidajen ajiye karnuka a Amurka suna da wani lissafi da suke gaya wa mai ɗauka: kwana uku na ruɗewa, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kafin kare ya saki jiki. Ba doka ba ce, ƙiyasi ne na masu aikin, kuma karen da aka gallaza wa yakan ninka haka. Amfaninsa ɗaya, yana hana mutum yanke ƙauna a mako na biyu.

Jikinsa yana magana

Kare ba ya cizo haka kawai. Kafin haƙori akwai gargaɗi iri-iri da ido bai saba kamawa ba: ya lashi hanci alhali ba abinci, ya yi hamma alhali ba barci, ya kau da kai har farin idonsa ya fito, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya yi haki ba zafi. Daga nan sai jiki ya sandare. Wannan sandarewar ita ce ta fi haɗari, kuma ita ce mutane ke ɗauka a matsayin ladabi, su ce “ai ya yarda.” Haka nan wanda ya kwanta ya buɗe ciki yana fitsari ba shafa yake nema ba, roƙo yake a bar shi. Kaɗa jela ma ba kullum murna ba ce.

Gurnani kuwa alheri ne. Kare ne ke cewa a tsaya nan. Wanda ya doke shi don ya yi gurnani bai cire masa tsoro ba, gargaɗin ya cire, sai ya samu karen da ke cizo ba sallama. A 2009 likitar dabbobi Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka hanyoyin da suka bi wajen gyara hali. Cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. Bulala ba ta da gurbi a wannan aiki.

Mai kula da shi ya koyi tsayuwa a karkace, ba gaba da gaba ba. Kada ya zuba masa ido, kada ya sunkuya a kansa, kada hannu ya zo ta saman kai, don ta nan duka ya saba zuwa.

Asalin aikin

Hanyar da ake bi tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1940 wani likita a Johannesburg, Joseph Wolpe, ya yi gwaji da kyanwoyin da aka tsorata a cikin wani keji har suka ƙi cin abinci a ciki ko da yunwa ta kama su. Sai ya riƙa ciyar da su a ɗakin da bai yi kama da na kejin ba. Da suka ci, ya matsa zuwa wanda ya ɗan yi kama, a hankali a hankali, har suka koma ci a cikin kejin. Darasin da ya fitar, wanda ya wallafa a 1958, shi ne cewa tsoro mai tsanani da cin abinci cikin natsuwa ba sa haɗuwa a lokaci guda, kuma in aka kawo abin tsoron kaɗan-kaɗan tare da abu mai daɗi, tsoron ne ke ja da baya.

A tsakar gida ga yadda abin yake. Mai kare ya yanka dafaffiyar hanta ƙanana-ƙanana, ya zauna a ƙasa ko a kan kujera 'yar tsugunne, a nisan da karen yake ganinsa amma bai gudu ba. Ya jefa guda ɗaya, ba gabansa ba, can bayan karen. Dalili kuwa, in aka riƙe nama a hannu, yunwa za ta janyo kare har inda zuciyarsa ba ta kai ba, ya ƙwace, sannan ya ga kansa dab da mutum, ya firgita ya kai cizo. In an jefa baya, yana ci yana samun sarari, kuma in ya dawo, da ƙafarsa ya dawo. Minti biyar, sau biyu ko uku a rana. A tashi tun yana son ƙari.

Ma'aunin shi ne baki. Muddin yana ci a natse, nisan ya yi daidai. Da ya ƙi ci, ko ya fara fizga da sauri, an matso da yawa, a koma inda aka tsaya jiya. Komawa baya ba asara ba ce, cikin aikin take.

Ranar da ya zo ya shinshina ƙafa, kada a motsa. Shinshina tambaya ce, ba izini ba. Sai ya fara jingina ko ya tsaya kusa da jiki a sake, sannan a sosa ƙirji ko gefen wuya, a ƙirga uku, a janye hannu. In ya matso, a ƙara. In ya kau da kai, an gama na yau. Wannan 'yar dakatawar ce ke koya masa abin da bai taɓa sani ba, cewa in ya ce a'a za a ji.

Da haka ake bin duk sauran abubuwan da yake tsoro. Da yawa suna tsoron maza fiye da mata, ko mai hula, ko mai riƙe da sanda, ko tsintsiya. A ajiye tsintsiyar can nesa, a ba shi hanta. Gobe a taɓa ta, a ba shi. Jibi a ɗaga. Igiya ma haka, musamman ga wanda aka taɓa kamawa da zarge. Ɗamarar ƙirji ta fi masa abin wuya, kuma a bar ta kusa da kwanonsa kwanaki kafin a saka masa. Takunkumi mai raga, wanda ke barin kare ya yi haki ya sha ruwa, a koya masa shi tun lafiya ta hanyar sa nama a ciki, don ranar zuwa wurin likita.

Yara su ne wurin da ba a sassauci. Ba a barin ƙaramin yaro da irin wannan kare su kaɗai, ko na ɗan shiga ɗaki a fito. A koya musu kada su rungume shi, kada su tashe shi daga barci, kada su je kusa da kwanonsa, in kuma ya nufo su su tsaya cak su naɗe hannu maimakon gudu da ihu. A gidan haya mai ɗakuna da yawa wannan yana nufin a zauna da maƙwabta a yi magana tun farko. In ba za su yarda ba, gidan bai dace da karen ba. Baƙo kuma a gaya masa daga ƙofa ya yi kamar bai ga kare ba. Kalmar “ba ya cizo” ba ta kamaci bakin mai firgitaccen kare ba.

Inda aikin yake tsayawa

Akwai karen da ba zai taɓa zama mai son jama'a ba, kuma dalilin yana cikin makonninsa na farko a duniya. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta jihar Maine a Amurka, ciki har da basenji, karen farauta na tsakiyar Afirka mai kama da namu na gida, suka fitar da sakamakon a 1965. Aikinsu ya nuna cewa daga mako na uku zuwa wajen na 12 ne kwikwiyo ke koyon wane ne nasa. Waɗanda aka bari ba hulɗa da mutum har mako 14 sun tashi da tsoron mutane mai wuyar cirewa. Shi ya sa karen da ya taɓa zaman gida aka wulaƙanta shi yakan fi saurin dawowa a kan wanda aka haifa a kango. Na biyun zai iya yarda da mutum ɗaya ko biyu, ya ci gaba da ɗari-ɗari da sauran duniya. Wannan ma nasara ce.

Misalin da ya fi shahara shi ne na karnuka kusan 50 da aka ƙwato a 2007 daga gidan faɗan karnuka na ɗan wasan ƙwallon Amurka Michael Vick a jihar Virginia. An zaci dukansu sai kisa. Da masana suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga yawancinsu tsoro ne ya yi musu yawa, ba mugunta ba. Guda 22 mafiya wahala aka kai wa ƙungiyar Best Friends a jihar Utah. Wasu sun ƙare a gidajen mutane, wasu sun zauna a can har ƙarshen ransu. Ko da ƙwararru da kuɗi, ba kowane ne ya zama karen gida ba. Saboda haka karen da ya yi cizo mai zurfi fiye da sau ɗaya, a gida mai yara, ba a ci gaba da gwaji da shi. A zauna da likitan dabbobi a yanke shawara. Sakinsa a titi ba mafita ba ce, tura matsalar ce ƙofar wani.

Shi kuwa gadi, wanda don shi mafi yawa suke riƙe kare, yana zuwa da kansa. Karen da ya ɗauki gida a matsayin nasa zai yi haushi in baƙon motsi ya zo, kuma haushinsa yana da ma'ana, don ba kowane ganye ne ke tayar da shi ba. Wanda ke haushi dare farai saboda firgici, mutanen gida kan daina tashi.

Sai a shirya wa lokuta biyu na shekara. Tsawar farkon damina tana dawo da tsoron da aka ɗauka ya wuce, haka ma nokawut ɗin da yara ke fasawa daga tsakiyar Disamba har shiga sabuwar shekara, abin da unguwannin kudancin Kaduna suka sani sarai. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun Nuwamba a saba masa da kwana a sito ko wani ɗaki mai rufi, a kai masa buhunsa can, a riƙa kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Daren Kirsimeti da na 31 ga Disamba a ciyar da shi kafin magariba, a shigar da shi, a rufe get, a ja kunnen masu shige da fice. In ya nemi jikin mai shi, a bar shi ya jingina, rarrashi ba ya ƙara tsoro. In ya zaɓi ƙarƙashin gado, a bar shi can, a tura masa ruwa kusa. Kada a ɗaure shi a waje a irin wannan dare, domin kare mai fizga cikin firgici yana iya shaƙe kansa da igiya ko ya tsinke ta ya haura katanga.